Ina Za Mu Kafa Tanti? Dajin Kamuku da Matasan Kaduna Masu Neman Wurin Kwanan Daji

Ka san irin bidiyon. Samari da 'yan mata sun loda jakunkuna a mota sun bar gari, sun kafa tanti a bakin tafki, sun hura wuta suna gasa nama, taurari fal a sama. Wanda ya ɗora bidiyon yana Kanada ko Turkiyya ko Kenya, kai kuma kana kwance a ɗakinka a Rigasa ko Kawo ko Unguwar Rimi, an ɗauke wuta, data na ƙarewa. Sai ka tura wa abokai a guruf ɗin WhatsApp: "Kai, mu ma ya kamata mu yi irin wannan." Kowa ya ce wallahi kuwa. Daga nan wani ya jefo tambayar da ke kashe hirar: "To a ina?"

Tambayar tana da amsa, sai dai amsar tana da ɗaci. Kilomita kusan 120 yamma da birnin Kaduna akwai gandun daji na ƙasa sukutum, wanda doka ta keɓe domin kare namun daji da kuma mutane su je su gani. Sunansa Kamuku, a ƙaramar hukumar Birnin Gwari. Amma yawancin 'yan zamaninmu ba a littafin yawon buɗe ido muka fara jin sunan ba. A labaran ƙarfe bakwai muka ji shi, tare da kalmar 'yan bindiga.

Kwanan daji ba baƙon abu ba ne

Kafin wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, a tsaya tukuna. Bahaushe yana da kalmar abin tun kaka da kakanni: zango. Fatake da ke kai goro da kanwa da gishiri tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja sukan yada zango a bayan gari, su sauke kaya, su yi girki, su kwana, da asuba su ɗaura. Sunayen garuruwa irin su Zangon Aya da Zangon Kataf suna nan suna tuna mana. Mafarauta ma da rani sukan yi kwanaki a dawa, haka makiyaya a mashekari.

Abin lura shi ne fatake ba sa sauka ko'ina. Zango yana da sarkinsa, yana kusa da ruwa, kuma mai garin da ke kusa ya san da baƙin. Ka riƙe wannan, domin ita ce ƙa'idar da har yau ba ta canza ba.

Me ke cikin Kamuku?

Tun 1936 aka keɓe dajin a matsayin gandun En'e ta Birnin Gwari. Daga baya ya zama gandun namun daji na jiha, sannan a 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa mai hedikwata a Abuja. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,121, wato sama da hekta dubu 112. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na jihar Zamfara.

Itatuwan da suka fi yawa a ciki su ne doka da baushe da taura, ga kuma maje da ɗorawa da kaɗanya. Masana sun rubuta cewa akwai giwaye da gwanki da kanki da gada da mazo da mugun dawa da gwaggon biri da jan biri. Sun ƙidaya tsuntsaye aƙalla iri 177, cikinsu har da tuje da burtu, wannan tsuntsun da mafarauta ke ɗaura kansa a goshi don su yaudari nama.

Wuraren da aka fi ambata guda uku ne. Akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa. Akwai Goron Dutse, wani ƙaton dutse sumul da ke tsaye shi kaɗai, jikinsa da zane baƙi da fari kamar an shata. Sai Tsaunin Rema, inda manyan duwatsu suka hau kan juna, remaye suka mayar da shi gidansu. Ka dubi wannan jerin, ka faɗi gaskiya: da a wata ƙasa yake, ai da hotunansa sun cika Instagram.

Yadda dajin ya kuɓuce mana

Abin da ya sa Kamuku ya yi kyau ga namun daji shi ne ya sa ya yi wa miyagu daɗi: girma, duhuwa, da kuma haɗewa da wasu dazuzzukan da suka ratsa Zamfara da Katsina da Neja. Wanda ya san hanya zai iya ƙetare jihohi a kan babur ba tare da ya taka kwalta ba.

Abin ya faro da satar shanu. Zuwa 2015 ya yi ƙamarin da gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kai da sojoji aka kai farmaki, aka ƙwato dabbobi masu yawa. Ba a nan ta tsaya ba. A watan Mayun 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Gwaska suka kashe sama da mutum 40, abin da ya sa gwamnatin Buhari ta amince da kafa bataliyar soja a Birnin Gwari. Ƙungiyar Ansaru ma ta samu wurin fakewa a yankin. Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya daɗe yana kokawa kan halin da talakawansa ke ciki.

Kada ka ɗauka abin na can nesa ne. A ranar 11 ga Maris 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, a bakin birnin Kaduna, wato masu koyon aikin daji su ne daji ya haɗiye. A ƙarshen Satumban shekarar gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a wasu yankuna, har da Birnin Gwari, na kusan wata biyu. A ranar 7 ga Maris 2024 kuma aka sace 'yan makaranta a Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. Bayan sama da mako biyu aka dawo da 137.

Wurin shaƙatawa ma bai tsira ba. A watan Afrilun 2019 aka kai hari a ganuwar Kajuru, inda matasan Kaduna da Abuja ke zuwa hutun ƙarshen mako, aka kashe mutum biyu, ɗaya 'yar Birtaniya ce mai aikin agaji.

To yanzu fa?

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, ya kuma sake buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe. Motoci suka koma bin hanyar, manoma suka fara komawa gonakin da suka bari. Ga mutanen da suka yi shekaru ba sa iya kai masara kasuwa sai da rakiyar soja, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma fa akwai bambanci tsakanin hanyar da direba zai bi da rana tsaka da kuma tsakiyar dajin da za ka kwanta a cikinsa da dare. Sulhu alkawari ne tsakanin mutane, kuma Zamfara da Katsina sun yi nasu a baya ya warware. Saboda haka maganar a taƙaice: kada wani ya ɗauki jaka ya nufi Kamuku don ya ga bidiyon wani yana cewa komai ya lafa. Wurin ba fili ba ne na kowa, gandu ne mai doka. Ba a shiga sai da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta, kuma farauta da kiwo da sare itace duk laifi ne a ciki. Idan hukumar ta ce a dakata, to a dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yadda ake gane wurin da ya cancanci zango

Ko ina kuka zaɓa, ku auna shi da tambayoyin nan kafin kowa ya biya kuɗin mota.

Na farko, wa ke da wurin? Dole a samu wanda za a kira da suna a ce shi ke da alhaki: hukumar gandu, makaranta, masu gidan shaƙatawa. Fili mai kyau da ba mai shi ba sansani ba ne, daji ne kawai.

Na biyu, wa ya san kuna can? Iyaye su sani, da sunan wurin da ranar dawowa. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a kuma je a gaida mai unguwa ko dagaci. Wannan gaisuwar ba ƙauyanci ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma mutanen gari sukan ji motsi tun kafin labari ya kai rediyo. Baƙin fuska da jakunkuna a bayan gari da magariba, a irin wannan zamani, 'yan sa-kai na iya yi musu mummunar fahimta.

Na uku, akwai sabis? A gwada layi fiye da ɗaya. Taswirar Google za ta nuna maka kore shar da shuɗin ruwa, amma ba za ta faɗa maka abin da ya faru a wurin makon jiya ba. Direbobin tasha da 'yan kasuwar da ke bin hanyar kullum sun fi ta sani.

Na huɗu, minti nawa ne zuwa kwalta, kuma ina asibiti mafi kusa? Ba ɗan bindiga kaɗai ake tsoro ba. Akwai kububuwa da kunama, akwai sauro. A tafi da takalmi mai rufe ƙafa, da tocila, da gidan sauro, da ruwan sha wadatacce.

Na biyar, wane lokaci ne? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, lokacin da ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Sai dai hunturu lokacin gobarar daji ne, don haka a share ciyawa kafin a hura wuta, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta. Da damina kuwa kada a kafa tanti a kwari ko bakin rafi, ruwan da aka yi a wani gari na iya iskowa da tsakar dare.

Sai ɗaya da ta shafe mu musamman: ku riƙe hotunan sai kun dawo gida. Ɗora bidiyo kai tsaye daga inda kuke, da sunan wurin a jiki, tamkar shela ce ga wanda ba ku gayyata ba. Kuma 'yar'uwa, idan tafiyar da ke ce, ki tabbatar gida sun amince, akwai wasu matan a ayarin, akwai kuma keɓantaccen wurin kwana da makewayi. Mai shirya tafiyar da ya kasa amsa wannan bai shirya ba.

Kafin Kamuku ta dawo

Ba sai an yi nisa ba za a fara. A cikin Kaduna akwai lambun Gamji a bakin kogi, inda tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru take; ya isa yinin rana da tabarma da kular abinci. A Zariya akwai dutsen Kufena, wanda ɗalibai suka saba hawa rukuni-rukuni, a hau da safe a sauko kafin la'asar. Mai son horon zaman sansani na gaske ya nemi 'yan Sikawut ko Man O' War na makarantarsu. Cibiyar horar da su da ke tsaunukan Shere a Jos an yi ta ne don irin wannan. Mai ɗan hali kuma ga Yankari a Bauchi, inda sansanin Wikki ke da ɗakunan kwana da ma'aikatan rakiya, ga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi mai zafin digiri 31 dare da rana. Su ma waɗannan, a kira a tambayi halin hanya kafin a tashi.

Me ya shafe ka?

Wani zai ce mutane na neman abin sawa a baka, ku kuna maganar tanti. Gaskiya ne. Amma a Kenya da Ruwanda gandun daji sana'a ce: ɗan rakiya, direba, mai girki, mai sayar da kayan hannu, duk suna ci daga baƙon da ya zo kallon dabba. Saurayin da ya tashi a gefen Kamuku, Bagwari ne ko Bakamuke ko Bahaushe ko Bafulatani, ya san sawun kowace dabba da sunan kowane ice. Wannan ilimin kuɗi ne, in akwai zaman lafiya. In babu, sai ya koma sare doka yana gawayi, ko haƙar zinariya a ramin da ka iya ruftawa da shi, ko abin da ya fi wannan muni.

A ƙarshen shekarar 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da Alawa a Neja. Ƙara suna a takarda abu ne mai sauƙi. Abin da ya kamata mu riƙa tambayar wakilanmu a majalisa shi ne: ma'aikata nawa ke tsaron waɗanda ake da su, da wane kayan aiki, kuma me mutanen ƙauyukan da ke gefe ke samu?

Kai da wayarka a hannu kana da naka aikin. In kana da aboki ɗan Birnin Gwari a aji ko a hostel, ka zauna da shi ka ji garinsu daga bakinsa, ba labarin hari kaɗai ba. In kakanka ya taɓa farauta ko fatauci ta wannan hanya, ka naɗi hirarsa tun yana da rai. Ka sa mutane su san akwai Goron Dutse da Dogon Ruwa, domin abin da jama'a ba su san da shi ba, ba wanda zai nemi a dawo musu da shi.

Tantin kuwa a saya, a fara kafa shi inda akwai mai gadi da katanga. Allah Ya zaunar da Birnin Gwari lafiya, Ya nuna mana ranar da ɗalibai za su cika bas daga Mando su kwana a gindin Tsaunin Rema, iyayensu kuma su yi barci har da minshari.