Kula da Kyanwoyi a Lokacin Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan buso daga Hamada, sanyin dare ya tsananta, musamman a Jos da Kano. A wannan lokaci kyanwoyin da ke yawo a kasuwanni da tashoshin mota sukan sha wuya ƙwarai, ƙananan 'ya'yansu kuwa sanyi kan kashe su.

Kula da su amfanin jama'a ne, domin su ke rage ɓeraye. Ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ya fi yawa da rani. Saboda haka a kiyaye da waɗannan:

1. A ajiye kwali a lungun da iska ba ta kaɗawa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ciki.

2. A ajiye musu ruwa da sauran abinci kullum.

3. Kyanwa takan bi ɗumi ta kwana cikin tokar murhu ko kusa da injin mota. A duba kafin a hura wuta, direba kuma ya bubbuga bonet kafin ya ta da mota.

4. Kada yara su kama baƙuwar kyanwa. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti, domin kyanwa ma takan ɗauki ciwon haukan kare.