Yadda maganin feshi ke tsinke saƙo tsakanin jijiya da tsoka

A yankin Garou, cikin gundumar Malanville da ke jihar Alibori a arewacin Benin, noman shinkafa da albasa da kayan lambu shi ne abin dogaron iyalai da dama. Tare da shi kuma ake yawan feshin maganin ƙwari, sau da yawa ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Wasu daga cikin magungunan, kamar wanda aka fi sani da piya-piya, suna cikin rukunin da likitoci ke kira organofosfat, kuma illarsu tana faɗawa ne daidai inda jijiya ke haɗuwa da tsoka.

Duk lokacin da manomi ya ɗaga fartanya, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo irin na lantarki ta cikin jijiya. Sai dai bakin jijiyar bai manne da tsoka ba, akwai ɗan tsakani da ido ba ya gani. Da saƙon ya iso, sai wasu ƙananan ƙofofi su buɗe, sinadarin kalsiyom ya kwarara cikin bakin jijiyar. Shigarsa ce ke sa jijiya ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda ke tsallaka tsakanin kamar ɗan aike, ya taɓa tsoka. Nan take tsokar ta saki nata kalsiyom ɗin da ta adana, zaruruwanta su ja juna, hannu ya motsa. Masanin kimiyya Bernard Katz, wanda ya nuna rawar kalsiyom a wannan aiki, ya samu kyautar Nobel a 1970.

Bayan isar da saƙo, dole a kawar da ɗan aiken kafin tsoka ta huta. Akwai sinadarin da ke wargaza asetilkolin cikin ƙiftawar ido, to shi ne organofosfat ke ɗaurewa. Sai asetilkolin ya taru, tsoka ta yi ta karkarwa, daga bisani ta mutu murus. Haka kuma yawu da gumi da hawaye su yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, amai da gudawa su biyo baya, majina ta cika ƙirji. Idan tsokar numfashi ta gaza, rai na cikin haɗari.

Gubar tana shiga ta fata, ta hanci ko ta baki. Don haka wanda ya kamu, a fitar da shi daga gonar, a cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa nono ko manja, domin suna iya sarƙe shi. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin, saboda likita ya san irin gubar.

A asibiti ana yin allurar atropin, wadda ke busar da majina ta sauƙaƙa numfashi, amma ba ta mayar wa tsoka ƙarfinta. Raunin tsoka na iya bayyana kwana 1 zuwa 4 bayan an ga kamar an samu sauƙi, shi ya sa bai kamata a yi gaggawar ɗauke maras lafiya zuwa gida ba.