Mace Mai Ciki da Aikinta a Lokacin Annoba: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da malamansu, saboda wata matsala da ta taso sa'ad da cutar korona ta game duniya a 2020, wadda kuwa za ta sake tasowa duk ran da wata annoba irinta ta sauka. Ga mace da ciki, ga aikin da ta ke ci da shi, ga kuma cuta tana yawo cikin gari. Ta ci gaba da fita ne, ko ta zauna gida? In ta zauna, wa zai biya ta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar gaggawa a kan korona ran 5 ga Mayu 2023, amma abin da aka koya a waɗannan shekaru bai kamata ya ɓace ba, gama korona ba ita ce annoba ta fari ba.

Abin da aka gani a annobar baya

Murar nan ta 1918, wadda mutanen da su ke kira marisuwa, jirgin ruwa ne ya kawo ta Ikko, watau Legas, a watan Satumba. Daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta fatake har ta iso Arewa. Masana tarihi sun kimanta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. Tun a wannan karo likitoci suka lura ta fi yi wa masu ciki ɓarna. Wani likita a Amurka ya tara labarin mata masu ciki 1,350 da suka kamu, ya buga a 1919, ya tarar 27 cikin kowane 100 sun rasu. Da wata sabuwar mura ta ɓullo a 2009, masu ciki a Amurka ba su wuce 1 cikin 100 na jama'a ba, amma su ne wajen 5 cikin 100 na waɗanda suka mutu.

Korona ta fara bayyana a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. An tabbatar da ita a Legas ran 27 ga Fabrairu 2020, a Kano kuwa ran 11 ga Afrilu. Da farko ba a san yadda za ta yi da masu ciki ba. Daga baya aka gane yawancinsu su kan warke lafiya, kuma ba kasafai cutar ta kan ratsa ta kama ɗan da ke ciki ba. Amma in aka gwada mai ciki da tsararta marar ciki, mai ciki ta fi shiga haɗarin cutar ta tsananta har a sa mata na'urar numfashi. Ga kuma haihuwar bakwaini, da hawan jini na masu ciki, da haihuwar ɗa ba rai, duk sun fi yawa ga waɗanda cutar ta yi wa tsanani. An fi ganin haka a 2021, lokacin nau'in da a ke kira Delta.

Dalilin da ya sa haka

Ba wai jikin mai ciki rarrauna ne ba, aiki ne ya yi masa yawa. Yayin da ciki ya ke girma, mahaifa ta kan tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama kamar santimita 4, sai wurin huhu ya ragu. A wannan lokaci kuma bukatar jiki ga iskar oksijin ta kan ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin biyar, domin rai biyu a ke ciyarwa. Jini ya kan ƙaru da kusan rabi, zuciya tana ɗawainiya da shi dare da rana, kuma jinin ya kan fi saurin daskarewa a cikin jijiya. Saboda haka ciwon huhun da wata za ta sha ta miƙe, mai ciki ba ta da rarar numfashin da za ta jure masa. Wannan nauyi ya fi yawa daga mako na 28, watau daga wata na bakwai zuwa haihuwa. Ya kamata malamin hakimi ya riƙe wannan lissafi, domin kusan dukan maganar a kansa ta ke tafiya. Wadda ta ke da ciwon sukari, ko hawan jini, ko asma, ko ƙiba mai yawa, ko ta haura shekara 35, haɗarinta ya fi na sauran tun kafin wata na bakwai.

A farkon ciki kuwa abin tsoro shi ne zazzaɓi mai zafi, gama ya kan iya taɓa halittar ɗan. Farasitamol ya kan sauko da shi, kuma likitoci sun yarda mai ciki ta sha bisa ƙa'ida. Sauran magunguna, na kanti ko na gargajiya, sai da izinin asibiti.

Ba kowane aiki ne haɗari ba

Ƙwayar korona da ta mura cikin numfashi su ke tafiya. Inda aka fi ɗaukarsu shi ne ɗaki rufaffe, mai cunkoso, inda a ke daɗewa. Da wannan ma'auni za a auna kowane aiki. Nas ko ungozoma da ke ɗakin masu tari da zazzaɓi ita ce kan gaba. Bayanta sai malamar makaranta a aji mai yara da yawa da ƙananan tagogi, musamman da hunturu sa'ad da a ke rufe su saboda sanyi da ƙura. Sai masu aiki a ma'aikatu kafaɗa da kafaɗa, da 'yan aikin gida waɗanda a kan sa su jinyar mai gida in ya kwanta. Mai aikin gona, da mai sayar da nono ko fura a fili, haɗarinsu kaɗan ne a wurin aikin kansa. Sau da yawa motar da ta kai su kasuwa, wadda aka cusa mutum goma sha a ciki aka ɗaga gilashi, ta fi kasuwar haɗari.

Saboda haka abin da a ke fara nema shi ne a sauya aikin. Nas mai ciki a ɗauke ta daga ɗakin masu cutar a kai ta wajen rajista ko ɗakin magani. Malama a ba ta aji mai iska, ko a fitar da darasi gindin itace, ko a ba ta duba takardu. Akawu a matsar da teburinta kusa da taga, nesa da inda jama'a ke layi, a ba ta takunkumi da ruwa da sabulu, a kuma sassauta mata lokacin zuwa don kada ta shiga motar sassafe. Galibin wannan ba ya cin ko kwabo.

A Ingila gwamnati ta sa masu ciki cikin rukunin da za a kiyaye tun ran 16 ga Maris 2020, likitocin mata na can kuma suka ba da shawara wadda ta wuce mako 28 ta bar aikin da ke haɗa ta da marasa lafiya. Dokarsu tun kafin annoba ta tsara abin hawa hawa: a kau da haɗarin, in bai yiwu ba a ba ta wani aikin da ya dace, in wannan ma bai samu ba ta zauna gida a kan cikakken albashi. Tsari ne mai hankali, kuma hakimi yana iya yin sulhu da shi ko da ba dokar ƙasar nan ba ce.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace ikon barin aiki in ta kawo takardar likita mai nuna haihuwarta ta rage kamar mako 6. Ya hana a sa ta aiki cikin mako 6 na bayan haihuwa. In ta yi wata 6 ko fiye tana wannan aiki, tilas a biya ta abin da bai kasa rabin albashinta ba cikin wannan hutu. Mai shayarwa tana da rabin sa'a sau biyu kowace rana. Har wa yau ba a yarda a ba ta takardar sallama ba tana cikin hutun, ko tana kwance da ciwon da likita ya shaida daga cikin ne ko daga haihuwar. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya suna da hutun da ya fi wannan tsawo, Jihar Kaduna kuwa ta ba da sanarwar wata 6 ga ma'aikatanta mata a 2019.

To, a nan ne giɓin ya ke. Ciki mako 40 ne, saboda haka hutun doka yana farawa wajen mako na 34. Haɗarin annoba kuwa yana tsananta tun mako na 28. Tsakani akwai mako shida, kuma sashen bai ambaci annoba ba ko kaɗan. A watan Maris 2020 Gwamnatin Tarayya ta umurci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida, ban da masu ayyukan da ba su tsayuwa, kamar na asibiti. Ma'aunin umurnin matsayi ne, saboda haka nas mai cikin wata bakwai tana cikin waɗanda aikinsu bai tsaya ba. Mace kuwa da ke aiki a makarantar kuɗi, ko kanti, ko gidan wani, sai abin da mai aikin ya ga dama. Mafi yawan matan gunduma ma ba su da albashi sam, ranar da ba su fita ba ranar ba ciniki.

Aikin hakimi da malaminsa

Hakimi ba alƙalin ƙwadago ba ne, kuma bai kamata ya ɗauki kansa haka ba. Amma maganarsa tana da nauyi wajen mai makaranta, da mai ma'aikata, da sarkin kasuwa, da mai gida. Tun 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya, ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa aka bi gida gida har aka shaida ƙarewar shan inna na daji a Afirka a watan Agusta 2020. Wannan hanya tana nan, ita ce za a bi.

In ƙara ta zo cewa an kori mace ko an tsai da albashinta don tana da ciki, malami ya rubuta ranar da ta kama aiki, da watannin cikin bisa katin awo, da irin aikin, da abin da mai aikin ya ce. Sa'an nan a kira mai aikin a nemi sauyi tukuna. In za ta zauna gida kafin lokaci, a yi ƙoƙari kada a cire kwanakin daga hutun haihuwarta, kuma duk abin da aka shirya a sa shi a takarda, kowa ya riƙe kofi. In sulhu ya ƙi, a tura maganar ofishin ƙwadago na jiha tare da wasiƙar hakimi. Akwai masu aikin da su kan sallami mai ciki su ce don lafiyarta suka yi. Wannan ba taimako ba ne. Wadda aka raba da albashi a wata na bakwai an raba ta da kuɗin abinci da na mota zuwa asibiti, kuma sau da yawa ta kan koma wani neman da ya fi na farko haɗari.

Sai a yi hattara da kunya. Mace, balle mai cikin fari, ba ta kan so a san tana da ciki ba sai ya fito, wata kuma tana ɓoyewa ne don tsoron kora. Kada a sa mai shela ya ce masu ciki su zo a rubuta su, gama ba mai zuwa. A bar wannan a hannun ungozoma da malamar asibiti, su su san matan, su kawo wa hakimi adadi kawai. Suna ba ya shiga littafi sai na wadda ta kawo ƙara da kanta.

Ga matan kasuwa, sarkin kasuwa yana iya ba masu ciki rumfunan gefe inda iska ke kaɗawa, a kuma yarda wata 'yar'uwa ta zauna wa mace a rumfarta ba tare da ta rasa wurin ba. Al'adar goyon ciki, da a kan kai mai cikin fari gidan iyayenta a wajen wata na bakwai, ta zo daidai da lokacin da likitoci ke so ta huta. Sai dai in akwai mai tari a gidan iyayen, ko tafiyar mai nisa ce cikin cunkoso, gara a dakata. Taron barka da na suna kuma a rage shi, a yi a tsakar gida.

Awo ba ya tsayawa

Kuskure mafi girma shi ne a ce tun da an hana mace fita aiki, an hana ta zuwa awo ke nan. Zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin cizon sauro ba su dakata wa annoba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin ta haihu. A can a ke gwada jininta, a ba ta maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi, a yi mata allura. Allurar korona ta iso Nijeriya ran 2 ga Maris 2021, kuma a 2023 Hukumar ta sa masu ciki cikin rukunin da ya fi cancanta a yi wa. Uwar da ta kamu ma an ce ta ci gaba da ba da nono, ta wanke hannu ta sa takunkumi.

In aka kafa dokar kulle, wajibi ne hakimi ya shirya da 'yan sanda da 'yan sintiri tun ranar farko cewa katin awo ya isa shaidar wucewa, a kuma san direban da za a tasa da dare a kowane ƙauye. Masu unguwa su sanar da magidanta alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, zazzaɓin da ya ƙi sauka, zubar jini, ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, ko ɗan ya rage motsi. A rahoton wata kuwa malami ya nuna mata nawa suka je awo a kowane asibitin gunduma, ya gwada da na watan da ya wuce. In adadin ya faɗi, a aika wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma a cikin makon.