Idan Ta Dawo Gida: Jinyar Iyali ga Matan da Shan Kodin Ya Kai Gaban Shari'a

'Yan'uwa, akwai ranar da iyalai da yawa ba sa shirya mata, wato ranar da 'yarsu ko matarsu za ta fito daga gidan gyaran hali na Sakkwato, ko daga hannun hukumar NDLEA, bayan kodin ko tiramadol sun kai ta can. Mukan ɗauka cewa tunda ta yi watanni ba ta sha ba, ai ta warke. A gaskiya ranar ce jinyar ke farawa, kuma ba ita kaɗai ke bukatarta ba. Gidan ma yana bukata.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya, aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 na shan ƙwayoyi a ƙasar nan. Miliyan 4.6 daga cikinsu suna shan dangin kodin da tiramadol, kuma ɗaya cikin kowane mashaya huɗu mace ce. Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a Mayun 2018, amma hana sayarwa bai warkar da waɗanda suka riga suka kamu ba. Mata kuwa sun fi ɓoyewa, domin suna tsoron saki da rasa 'ya'yansu.

Abu na farko da ya kamata iyali su sani shi ne, makonnin farko bayan fitowa sun fi kowane lokaci haɗari. Waɗannan ƙwayoyi suna rage numfashi. Jikin da ya daɗe bai samu ba ya daina jure yawan da ya saba, don haka idan ta koma ta sha kamar dā, tana iya yin barcin da ba tashi. Tiramadol kuma yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Duk macen da aka kasa tayarwa, numfashinta ya yi ƙasa, a garzaya da ita asibiti nan take.

To, mene ne jinyar iyali? Zama ne da ƙwararren mai ba da shawara yake yi a kai a kai da matar tare da mutanen gidanta: miji, iyaye, suruka, wani lokaci da yaran da suka yi wayo. Ba zaman tuhuma ba ne. Kowa yana da ciwo. An sayar da kayan ɗaki, an ci bashin beli, an yi wa yara gori a makaranta. Ita ma tana da nata: wataƙila duka, kaɗaici, ko baƙin cikin da ya fara kai ta ga kwalba. Idan ba a faɗi waɗannan a gaban mai sasantawa ba, za su fito a tsakar gida da baƙar magana, baƙar magana kuwa ita ke mayar da mutum ga sha. Mu tuna, a misalin ɗa ɓatacce na Luka 15, uban ya fita ya lallashi babban wan ma.

A irin wannan zama ake yanke abubuwa dalla-dalla: wa zai riƙe kuɗin cefane a watannin farko, wa zai raka ta asibiti, waɗanne ƙawaye za ta rabu da su, yadda yara za su koma hannunta a hankali, da wanda za ta kira idan sha'awar sha ta taso cikin dare. Ana kuma koya wa iyali cewa komawa sha sau ɗaya alama ce ta a koma wurin likita, ba ta kora ba. Amma idan mijin ne ke dukanta, ko shi ke kawo mata ƙwayar, ba a fara haɗa su wuri ɗaya. Tsaron lafiyarta ne kan gaba.

A yankinmu akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari. A nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, a kuma roƙa a sa iyali cikin jinyar. Kada a kai kowa inda ake ɗaure mutane da mari, ko da sunan addu'a ne.

Mu a ikilisiya ba likitoci ba ne, amma muna da namu aikin. Zumuntar mata za ta iya ziyartarta tun tana tsare, ta taimaka mata da jarin sana'a, ta kuma riƙe sirrinta. Ranar Lahadin da ta fara dawowa sujada, wata 'yar'uwa ta biya ta gidansu su taho tare, su zauna benci ɗaya.