Na'urorin ɗaga ƙarfe ƙirar gida: Abin da hoto ba ya nuna wa mai walda

A Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kagoro da Zonkwa da Kwoi, matashi ba ya jiran sai ya samu kuɗin shiga gidan motsa jiki na zamani kafin ya fara ɗaga ƙarfe. Bokitin fenti biyu da siminti da guntun bututu sun isa a haɗa sandar farko. In aljihu ya ɗan yi nauyi, sai a nufi wurin mai walda da hoto a wayar salula, a nuna masa benci ko na'urar jan igiya da aka gani a intanet, a nemi ya ƙera irinta.

Galibi kuwa yakan ƙera, har ta fito kamar ta kanti. Aikin ƙarfe ba baƙo ba ne a wannan yanki. Kafanchan ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun 1927, lokacin da layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta zuwa Kaduna, wani reshe kuma ya nufi Jos. Ƙauyen Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba shi ya ba da sunansa ga al'ummar da ta iya narka tama fiye da shekara 2,000 da suka shige.

Sai dai hoto siffa kawai yake nunawa. Ba ya faɗin kaurin bututu, ko irin ƙarfen da aka yi sandar da shi, ko girman tayar da igiya ke bi ta kanta. A waɗannan wurare ne na'ura ke rayuwa ko ta mutu, kuma idan ta mutu, akwai mutum a ƙarƙashinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su riƙa atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, saboda haka maganar ba ta masu neman ƙwanji kaɗai ba ce.

Sandar ɗaga nauyi ita ce uwar sauran kayan, kuma tana da awo sananne. Ta maza da ake gasa da ita tana da nauyin kilo 20, tsawon mita 2.2, da kaurin milimita 28 a inda ake riƙewa. Ta mata kilo 15 ce, kaurinta milimita 25. Hannuwan da ake zura fayafan nauyi a gefe biyu suna da kaurin milimita 50, kuma suna juyawa da kansu a kan boris. Wannan juyawa ba ado ba ce. Idan mutum ya fizgo sanda daga ƙasa zuwa kafaɗa, sandar tana murɗawa a hannunsa, fayafan kuwa ba sa son su bi ta. In an like su da sandar, dukan wannan gardama a wuyan hannu da gwiwar hannu take sauka.

Kaurin ma akwai lissafi a cikinsa. Ƙarfin da sanda ke da shi na ƙin lanƙwasa ba daidai da kaurinta yake ƙaruwa ba, ya fi haka sauri nesa ba kusa ba. Sanda mai milimita 28 ta fi rodin gini mai milimita 16 ƙarfi fiye da ninki biyar, ko da ƙarfensu iri ɗaya ne. To kuma ba iri ɗaya ba ne. Sandar gasa da ƙarfe mai tsauri ake yin ta, wanda ke lanƙwasa kaɗan ya koma yadda yake, kamar sifirin mota. Rodi in ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan, kuma sandar da ta karkace takan mirgina a hannu daidai lokacin da ake ƙoƙarin tura ta sama.

Batun fayafan nauyi ya fi sauƙi, kuma a nan ne ƙirar gida ta fi samun nasara. Lita ɗaya ta kankare tana da nauyin kilo 2.4 ko kusa da haka, wato bokitin fenti mai lita 4 zai ba da abin da ya kusa kilo 10. Ƙarfe ya ninka kankare nauyi sau uku da ɗoriya, shi ya sa faifan siminti ke fitowa jibgege. Faifan gasa faɗinsa santimita 45 ne. Wanda aka zuba da kankare a wannan faɗi, in ana son ya kai kilo 20, kaurinsa zai haura santimita 5. Faɗin yana da muhimmanci domin shi ke yanke tsayin sandar daga ƙasa. Ƙananan fayafai sukan tilasta wa mai ɗagawa ya sunkuya fiye da kima, bayansa ya ɗauki abin da ya kamata ƙafafu su ɗauka.

Aibin kankare biyu ne: yana ɓarewa in an jefar da shi, kuma ba a cika samun biyu masu nauyi ɗaya ba. Maganin na farko shi ne a sa ragar ƙarfe a ciki da guntun bututu a tsakiyar ramin. Na biyun bai fi a ɗora kowane faifai a sikeli bayan ya bushe ba, a rubuta ainihin nauyinsa a jiki. A yankin da ake auna buhunan citta daga Kachia har Jaba, sikeli ba abin nema ba ne. Haka ma tsofaffin gangunan birki da fayafan injin mota da ake sayowa wurin 'yan gwangwan. Ƙarafan layin dogo kuwa dukiyar gwamnati ce, mai saye da mai sayarwa duka suna iya kwana a hannun hukuma.

Ga wanda ke hangen gasa, wannan awo shi ne matakin farko. Ruth Ogbeifo ta ci wa Najeriya azurfa a ɗaga nauyi a gasar Olamfik ta Sydney a 2000, Folashade Oluwafemiayo kuma ta ɗaga kilo 167 a kwance a gasar nakasassu ta Paris a 2024, ta ci zinare ta kafa tarihin duniya. A irin wannan fage kilo ɗaya ke raba na farko da na biyu.

Benci ne ya fi kowane kaya saurin ƙerawa, shi ne kuma ya fi haɗari. Ƙa'idar gasa ta sa tsayinsa tsakanin santimita 42 da 45, faɗinsa tsakanin 29 da 32, domin ƙafa ta taka ƙasa sosai, kafaɗu kuma su samu wurin motsi. Amma abin da ya fi waɗannan lambobi shi ne abin da yawancin bencin gida ba su da shi: sandunan tsaro biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda ake kafawa ƙasa kaɗan da tsayin ƙirjin mai kwanciya amma sama da maƙogwaronsa. In hannu ya gaza, a kansu sandar za ta sauka. Ana samun mace-mace a ƙasashe daban-daban ta wannan hanya, mutum shi kaɗai a ɗaki, sanda ta danne masa wuya. Ƙarfen da waɗannan sanduna biyu za su ci bai kai kuɗin fenti da soson da ake ƙawata bencin da su ba. Inda babu su, to lallai a samu mai tsayawa a ka. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Bututun da manyan kamfanoni ke yin turakun da shi murabba'i ne, mai faɗin santimita 5 zuwa 7.5, kaurin bangonsa kimanin milimita 3. Na yin ƙofa da tagar gida ya fi haka sirantaka ƙwarai, kuma da zarar an shafa fenti ido ba ya bambance su. Ƙugiyar da ake rataye sanda ita ma bai kamata ta dogara da ɗigon walda kaɗai ba. A mai kyau, ƙarfe ne ke ratsa turken ta cikin rami, waldar tana taimakawa ne kawai.

Na'urorin igiya sun zo ne daga wani tunani dabam. Likitan nan ɗan ƙasar Suwidin, Gustav Zander, ya buɗe cibiyarsa a Stockholm a 1865 da injunan da ke motsa gaɓa ɗaya-ɗaya, domin marasa lafiya da marasa ƙarfi. A Amurka, Harold Zinkin ya fito da na'urar Universal a ƙarshen shekarun 1950, mai jerin tubalan ƙarfe da ake zaɓar nauyi ta hanyar soka ƙusa. Amfanin igiya a bayyane yake. Sanda ƙasa kawai take ja, igiya kuwa ana iya juya ta ta ja daga sama ko gefe ko ƙasa, kuma nauyin yana can cikin kejinsa, ba a kan mutum ba.

Abin da ke juya igiyar shi ne taya mai tsagi, irin wadda ake kafawa a bakin rijiya don jan guga. Idan tayar a kafe take, alkibla kawai take canzawa: kilo 40 a tubali, kilo 40 a hannu. Idan kuwa an ɗaura ta a kan tubalan tana hawa da sauka tare da su, nauyin ya rabu gida biyu, hannu zai ji kilo 20, amma igiyar za ta yi tafiya ninki biyu. Masu ƙira suna zaɓar wannan tsari da gangan a na'urorin da ake buƙatar dogon ja da sauri. Shi ya sa wanda ya saba jan 60 a wani wuri zai je wani ya kasa 40, ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ragu. Mai waldar da ya kwaikwayi hoto bai ƙirga tayoyin da ke ɓoye a bayan murfi ba, zai iya ƙera na'urar da ta ninka ta asali nauyi, ko wadda igiyarta ke ƙarewa kafin hannu ya miƙe.

Ita igiyar kanta ta cancanci a tsaya a kanta. Wadda aka fi amfani da ita tufka bakwai ce, kowace tufka da silin ƙarfe 19, jimilla 133, sannan a lulluɓe da roba. Yawan silin ne ke ba ta laushin lanƙwasa sau dubbai ba ta karye ba. Mai kaurin milimita 3 da 'yan kai, in sabuwa ce, sai nauyi ya kusa kilo 900 take tsinkewa, kuma al'adar injiniyoyi ita ce kada a ɗora wa igiyar ƙarfe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai tsinka ta. Wayar birki ko ta kulocin babur ba a yi su don wannan aiki ba.

Amma ba nauyi ne ke kashe igiya ba, gajiya ce. Duk lokacin da ta bi ta kan taya sai ta lanƙwashe ta miƙe, kuma iya ƙanƙantar tayar iya tsananin lanƙwasar. Tayoyin na'urorin kanti sukan kai santimita 9 zuwa 11. Wadda aka yanko ƙarama daga wani tsohon inji, ko mai tsagin da ya yi kaifi, cikin 'yan watanni za ta cinye igiyar daga ciki, robar kuma tana ɓoye ɓarnar. Wuri na biyu shi ne bakin igiya, inda ta haɗu da ƙugiya. Wasu sukan ƙulle ta kamar igiyar rama, wasu su ɗiga mata walda, alhali zafin wuta yana kashe ƙarfin silin. Hanyar da ta dace ita ce a naɗe ta a kan zoben ƙarfe a matse da maƙalai masu noti, lanƙwasasshen ɓangaren maƙalin yana kan guntun jelar, ba kan igiyar da ke ɗauke da nauyi ba. Igiyar da ta tsinke ana tsakiyar ja, sandar hannu takan dawo wa mutum a fuska ko a ƙeya da dukan ƙarfin da ya sa.

Akwai wata dabara da Arthur Jones ya shahara da ita a 1970 a na'urorinsa na Nautilus. Ya lura cewa ƙarfin gaɓa ba ɗaya ba ne daga farkon motsi zuwa ƙarshensa; hannu ya fi ƙarfi idan gwiwarsa ta lanƙwashe rabi. Sai ya sauya tayar da'ira da mai siffar katantanwa, yadda nauyin zai ƙaru inda tsoka ta fi ƙarfi, ya ragu inda ta raunana. Wannan yana da wuyar kwaikwayo da ido, kuma in an juya shi baibai, nauyin zai fi tsanani daidai inda gaɓa ta fi rauni. Da'ira sak ta fi wa ƙirar gida aminci.

Na'urar Smith, wadda sanda ke hawa da sauka tsakanin dogaye biyu, ta samo sunanta daga Rudy Smith da ya yaɗa ta a Amurka a shekarun 1950. Tana da farin jini saboda ana rataye sandar da murɗa hannu kawai. Sai dai tana buƙatar dogayen su miƙe sambal kuma su yi daidai da juna, in ba haka ba sandar ta cije a hanya. Tana kuma tilasta wa jiki bin miƙaƙƙen layi, alhali tsugunon ɗan Adam ba a miƙe yake tafiya ba. Ita ma dole a sa mata matsayar ƙasa da za ta tare sandar in ƙugiya ta kuskure.

Akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa na irin waɗannan kaya, mai lamba ISO 20957, wanda manyan kamfanoni ke bi. Ƙaramin shagon walda ba shi da ɗakin gwaji, amma yana da abin da zai iya. Kafin a karɓi na'ura, a ɗora mata nauyin da ya zarce wanda za ta riƙa ɗauka, ba kowa a ƙarƙashinta, a girgiza ta, sannan a duba kowace walda ko ta tsage. Gara a yi haka kafin fenti, domin fenti yana rufe waldar da ta yi ƙuraje ba ta ratsa ƙarfen ba. Gindi kuma ya fi sama faɗi, ko a ɗaure shi da noti a daɓe.

Saura yanayi. Damina a ƙasar Jama'a da gindin duwatsun Kagoro tana da tsawo, daga Afrilu har Oktoba, kuma yawancin kayan a tsakar gida suke kwana. Bututun da aka bar bakinsa a buɗe yakan tara ruwa ya yi tsatsa daga ciki, waje yana ƙyalli. A toshe samansa, a huda ƙaramin rami a ƙasa don ruwa ya fita. Da hunturu kuma ƙura ce ke haɗuwa da giris ta zama kamar yashi a cikin boris, don haka sai an goge kafin a ƙara sabo. Igiya kuwa a riƙa bin ta da tsumma daga wannan baki zuwa wancan kowane mako. Inda tsumman ya maƙale, ko robar ta kumbura, sili ya karye a ciki, kuma ranar ce ranar canza ta.