Me Ya Sa Bindiga Ke Fashewa a Hannun Mai Ita?

Yau maganar gyaran bindiga za mu yi, kuma tun farko bari in faɗa: ba koyarwa zan yi ba. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ya ƙera ko ya gyara bindiga sai da izinin hukuma.

Ina yaro akwai wani tsohon mafarauci a ƙauyenmu, yatsu uku ne kawai a hannunsa na hagu. Mu yara mun ɗauka kura ce ta cije shi. Sai da na girma na ji gaskiya: bututun bindigarsa ta toka ne ya tsage, aka yi masa walda, aka goge ya yi fes kamar sabo. Harbi na biyu ya tarwatse.

To me ya faru? Ai in an ja kunama, albarushi yana kamawa ne ya zama iska mai zafi cikin ƙiftawar ido. Iskar nan tana tura harsashi gaba, amma da irin wannan ƙarfin take tura bangon bututun ta kowane gefe. Duk inda ƙarfen ya fi rauni, nan za ta ɓalle. Ita kuwa walda, zafinta yana canza taurin ƙarfen da ke kewaye da wurin. Ido zai ga ya haɗe, amma ciki ba haka yake ba.

Sannan ga tsatsa. Tokar da albarushin gargajiya ke bari tana jan danshi, sai ta riƙa cin bututun daga ciki, waje kuma yana sheƙi. Ga toshewa: laka ta shiga baki a daji, ko an rataye bindiga duk damina zanzaro ya yi gini a ciki. Kar ku yi dariya, wallahi wannan kaɗai ya isa ya fasa ta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne canza albarushi. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, irin wanda ke cikin harsashin zamani. Matsin da yake haifarwa ya fi na gargajiya nesa ba kusa ba. Wanda ya zuba shi a bindigar da aka yi don tsohon albarushi, bam ya ɗora a kafaɗarsa.

Turawa ma sun sha wannan wahalar, shi ya sa suka kafa gidajen gwaji. A Landan tun 1637 aka ba ƙungiyar maƙeran bindiga ikon gwada su, a Birmingham kuma majalisar dokoki ta kafa gidan gwajin a 1813, har yau yana aiki. Sai a ɗura wa bututu abin da ya zarce ƙarfin da zai ɗauka a aiki, a harba ba tare da kowa ya riƙe ba. In ya jure, a buga masa hatimi a jikin ƙarfen. In ya fashe, ya fashe a ɗakin gwaji, ba hannun da ya tafi. A Ingila laifi ne a sayar da bindigar da ba ta da hatimin nan, kuma in gyara ya rage wa bututu ƙarfi, tsohon hatimin ya tashi aiki, sai an sake gwaji.

Ni a ganina a nan ake gane gwanin mai gyara. Canza ƙota, gyara kunama, wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ya leƙa cikin bututu ya ce wa mai ita, "Baba, wannan ta gama aiki, a rataye ta," alhali ya san kuɗin gyaran ya wuce shi ke nan.

Tsohon nan na ƙauyenmu bai sake farauta ba, kiwon zuma ya koma. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.