Idan Aka Kwafi Mutum, Shi Ne Zai Fito?

A ranar 5 ga Yulin 1996 aka haifi wata tunkiya a Cibiyar Roslin da ke kusa da Edinbura, a Sikotilan. Ba ta da uba. Masana ƙarƙashin jagorancin Ian Wilmut ne suka ɗauko ƙwayar halitta guda daga hantsar wata tunkiya mai shekara shida, suka haɗa ta da ƙwan wata tunkiyar da aka cire masa cibiya, wato inda bayanan gado suke zaune, sannan suka dasa a mahaifar tunkiya ta uku. Ƙwai 277 suka gwada, ɗaya tak ya kai ga haihuwa. Ita ce Dolly, wadda ta rayu har 2003.

Wannan shi ne kwafin halitta, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Manomin da ya sari karan rogo ko rake ya dasa, kwafin uwar shukar yake samu. Abin da ya girgiza duniya shi ne yin haka da dabba mai shayarwa, daga jikin babba. To mutum fa?

Har yau babu tabbatacciyar shaidar an taɓa kwafar mutum. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga ƙasashe su haramta shi, kodayake a 2018 masana a ƙasar Sin sun sanar da kwafar birai biyu. Mu dai lissafin Dolly kaɗai ya ishe mu tsoro: mata nawa za a sa su yi ɓari kafin a samu jariri ɗaya?

Amma mu ƙaddara an yi, an kwafe ka. Kai ne za ka fito?

Wata kyanwa ta ba da amsa. A 2001 aka kwafi kyanwa mai suna Rainbow a wata jami'a a jihar Tekzas ta Amurka. Rainbow na da dabbare-dabbaren ruwan lemo a jikinta, amma kwafinta, CC, ba ta da ko ɗigo. Dalili kuwa, mace na da kuromosom X guda biyu, kuma tun a ciki kowace ƙwayar halitta takan rufe ɗaya ta yi aiki da ɗayan. Gado ɗaya, launi daban.

Ba ma sai mun je Amurka ba. Tagwaye masu kama ɗaya daga ƙwai guda suka rabu, don haka kusan duk ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne. Duk da haka Hussaini ba zai dangwala yatsa ya rubuta wa Hassan jarrabawar JAMB ba, domin zanen yatsa yana samuwa ne a ciki, kuma kwanciyar ɗan tayi da matsin ruwan mahaifa suna da hannu a ciki. Mahaifiyarsu kuwa ko daga tafiya ta san wane ne wane.

Bayanan gadon ɗan Adam sun kai haruffa kusan biliyan 3, kuma tsakaninka da wanda kuke zama benci ɗaya a aji, kusan kashi 99.9 cikin ɗari iri ɗaya ne. Ɗan abin da ya rage, wurare ne miliyoyi, kuma ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka fiye da ko'ina. Yana da rana: gonar rogon da duk kwafin juna ne, cuta ɗaya tana iya cinye ta baki ɗaya.

Saboda haka kwafinka zai zo ne jariri, ɗan tagwayenka da ka girma da shekara sha biyar ko sha shida. Ba ya da haddarka, bai san abokanka ba, ba ya da tabon da keke ya bar maka a gwiwa. Idan a Tokiyo aka raine shi, Japananci zai yi, sai ka koya masa yadda ake gaida kakarku.